Mutumin da Ba Ya Yi wa Duhu Allura

Daga Allah muka zo, kuma can za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar kawuna, wan mahaifiyata, ta zo wata Talata da hantsi, saura 'yan makonni ruwan shuka ya sauka. Ban samu jana'iza ba, don inda nake aiki da nisa. Na iso ƙauyenmu da ke yamma da Wagini ana gobe addu'ar uku, na tarar da ƙofar gidansa cike da tabarmi da takalma, har babura sun rasa wurin tsayawa. Shekara huɗu rabon ƙofar nan da ta ga baƙo.

Ina cikin gida tare da mata, amma katangar kawu gajera ce, duk abin da aka faɗa a waje yana shigowa. Na ji wani yana cewa marigayi mutum ne mai haƙuri. Wani ya ce bai taɓa ganin ya yi faɗa da kowa ba. Na kalli mahaifiyata, ita ma ta kalle ni, don mun san kawu ko da ƙudan da ya sauka a kofin shayinsa sai ya yi faɗa. Bayan an shafa fatiha, liman ya ce duk wanda mamacin ya saɓa wa, ya dubi Allah ya yafe masa. Sai muryoyi suka tashi gaba ɗaya: "Mun yafe mashi, duniya da lahira."

Na ji kamar an watsa mini tafasasshen ruwa. Su ne za su yafe masa? Matar kawu, wadda ke zaune cikin takaba, ta kama bakin zanena ta ja ni ƙasa, ashe har na miƙe ban sani ba.

Mutum ɗaya ne kukansa ya shiga kunnena a ranar. Wani tsohon makiyayi ne da ya tako da ƙafa daga wajen Tsaskiya, a lokacin da irinsa ba ya shiga gari hankali kwance. Ba wanda ya matsa masa a tabarma. Ya tsuguna a gefe, ya yi addu'arsa, ya aiko a gaya wa matar kawu cewa saniyar da marigayi ya tsamo masa daga bakin mutuwa, jikokinta ne yake tatsa yau. Ko ruwa bai tsaya sha ba ya juya.

Kawu malamin dabbobi ne. Ya yi aiki a Safana, ya yi a Batsari, ya yi ritaya amma aikin bai sake shi ba. Maƙiyinsa ɗaya ne a duniya, sammore, ciwon nan da ƙudan tsando ke sa wa shanu idan sun yi kudu da rani, su dawo da shi gida, bobuwa, ƙudan nan mai cizon shanu, ta ci gaba da rarraba shi. Saniya ta rame, gashinta ya tashi, ta riƙa hawaye tana lasar ƙasa har ta kwanta. Yana saurayi ciwon ya cinye shanun huɗar kakana a wata shekarar yunwa, gonar ta kwana ba a noma ba, ƙanensa guda bai ga kaka ba. Kawu bai taɓa kiran ciwon da sunansa ba. "Ɗan banzan nan" yake cewa, kowa kuma ya san wa ake nufi.

Makaminsa wani tsohon madubin duba jini ne, mai ido ɗaya, wanda ba ruwansa da lantarki, hasken rana yake tara da wani ɗan gilashi a ƙasansa. Da sassafe zai huda jijiyar kunnen sa, ya ɗiga jini a fallen gilashi, ya duƙa. Idan bai ga ƙwayar cutar tana mutsu-mutsu ba, ko za ka yi birgima a gabansa ba zai yi allurar sammore ba.

"Ba ni yi ma duhu allura," in ji shi. "Sai na ga fuskar mai laifi."

Kafin ya huda kunnen kuma sai ya yi tambayoyi huɗu, ko da kai maƙwabcinsa ne na jikin katanga. Sunan mai sa? Wane gari? Shanu nawa ke gare ka? Ina suke kwana? Ya rubuta a littafi, ya sa lamba a gilashin, ya jera a akwati. Da haka ya san ta wace hanya ciwon ke shigowa kowace shekara, da garken da ya kamata a raba da wani. Mutane suna yi masa dariya, suna cewa malam ya mai da shanu 'yan makaranta, har da kiran suna.

Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka "Uwata" yake kirana tun ina rarrafe. Ina aji huɗu ya ɗaga ni ya sa idona a madubin nan, na ga wani abu siriri yana wutsil-wutsil tsakanin ƙwayoyin jini kamar ɗan tarwaɗa a kwatami. Na yi ihu. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce, "Uwata, kin ga wanda ya kashe ƙanena. Ki riƙe kamanninshi." Na riƙe. Shi ya tsaya kai da fata sai da na yi jami'a, kuma yau aikina ke nan, binciken wannan ƙwayar cuta.

Duk zuwana hutu sai ya tsare ni da tambaya kamar mai binciken ofis. Wata rana da la'asar muna zaune a zaure ya ce in gaya masa takamaimai abin da nake yi, ban da turancin banza.

Na ce, "Kawu, ɗan banzan nan duk jikinsa ƙwaya ɗaya ce tak. Amma a cikinta akwai wata ƙurya, a rufe, inda aka ajiye dukan umarnin yadda zai rayu. Umarnin ba ya fita daga ƙuryar. Kwafinsa ake yi, shi ne muke kira RNA, a fitar ta wasu ƙananan ƙofofi zuwa inda ake aiki da shi."

Ya gyara zama. "Wato fayil ba ya barin ofis. Kwafi ake ba masinja."

"Haka ne. Kuma masinjan gaske ne, akwai wani sinadari da ke kama kwafin ya ratsa ƙofar da shi. Mu ma haka jikinmu yake, shanu ma haka."

"To mi ya bambanta shi da mu? In hanyarmu ɗaya, duk abin da ya kashe shi ai ya kashe san."

Nan na ji daɗi, don tambayar da manyan masana ke yi ke nan. Na gaya masa cewa shi ɗan banzan ba ya rubuta wasiƙunsa ɗaya bayan ɗaya. Da yawa yake jerowa a doguwar takarda guda, sannan a yayyanka, a manna wa kowace kan takarda iri ɗaya kafin ta fita. Na biyu kuma, a jikinmu akwai ma'aikatan da ke tsaye a bakin ƙofa ta waje, su ke raba masinja da takarda don kada ya koma da ita ciki. An nemi irinsu a jikin ɗan banzan, da yawa ba a gan su ba. Da alama wata dabara yake bi daban, wadda har yanzu ba a gama gane ta ba. Idan aka gane ta, wataƙila a samu maganin da zai toshe tasa ƙofar, bai taɓa ta saniya ba.

Kawu ya murza gemu. Can ya ce, "Kuma kwanaki kin ce yana sauya riga don kada jiki ya gane shi. Umarnin ɗinkin rigar, shi ma ta ƙofar nan yake bi?"

"Ta nan yake bi."

Ya buga cinya. "Uwata, ki toshe mani ita! Ki bar shi da wasiƙunshi a ciki ya ruɓe!"

Yanzu sai in zo kan wanda ya ja salatin yafiya da murya mafi ƙarfi. Taubashin kawu ne, ɗan gwaggonsa, mai sayar da maganin dabbobi a kasuwanni. Shi ba ruwansa da madubi. Duk san da aka kawo, ko ƙaya ya taka, allurar sammore zai danna masa, kuma ƙunshi ɗaya yakan raba wa shanu uku. Kawu ya sha gaya masa cewa rabin magani ba ya kashe ɗan banzan, horar da shi yake yi. Da abin ya ishe shi, ya faɗa a tsakiyar kara, kasuwar shanu, a gaban masu saye. Taubashi ya yi dariya, amma ya haɗiye ta.

Sai shekarun wahala suka zo. Ba sai na ba mutanen Batsari da Safana labarinsu ba. Gonakin nesa suka gagara, ɓarayin daji suka riƙa kwashe shanun huɗa daga turke, mutum ya daina yarda da inuwarsa. Kawu bai fasa aikinsa ba. Duk wanda ya kira shi, manomi ko makiyayi, zai ɗaure akwati a bayan babur ya tafi. Mahaifiyata ta roƙe shi ya bari, ya ce ɗan banzan bai san ƙabila ba, shi ma ba zai sani ba.

Tsakanin taubasai akwai wasa, kowa ya san wannan. Taubashinka zai ce maka ɓarawo a bainar jama'a, dole ka yi dariya, in ka yi fushi kai ne marar zumunci. Da wannan rigar mutumin ya shigo. In kawu ya wuce sai ya ɗaga murya: "Ga aminin mutanen daji nan! Malam, yau shanun wa aka rubuta?" A yi dariya, kawu ya rama da tasa. Ya yi ta faɗa, mako bayan mako, har dariyar mutane ta fara gajarta. Ranar da aka kore shanun gida biyar a ƙauyenmu, ya faɗe ta ba dariya. Ya ce shi dai tambaya yake yi: wane ne a garin nan ya san yawan shanun kowa da inda suke kwana, har ya rubuta?

Washegari da rana tsaka samarin da ke sintiri suka shigo gidan. Yaran da kawu ya duba wa iyayensu shanu ne, wasu ma shi ya yanka ragon sunansu. Suka fito da littattafansa, wani ya buɗe yana karantawa da ƙarfi: wane, shanu huɗu, suna kwana bayan rumbu. Jama'a suka ɗauki salati. Kawu yana ta cewa su duba shekarun, su duba lambobin gilashin, ba mai ji. Suka ƙone littattafan, suka tattake gilasan aikin shekara talatin, suka rotsa madubin da taɓaryar matarsa. Shi kuma suka zaunar da shi a rana har la'asar, ba hula. Dagaci ne ya hana abin ya wuce nan, ya ce ba a kama shi da komai ba. Amma bai ce ba shi da laifi ba, kuma ba wanda ya faɗa a madadinsa.

Daga ranar ba a ƙara kawo masa ko akuya ba. A masallaci sai a bar tazara tsakaninsa da na kusa da shi. In ya yi sallama a majalisa, a amsa ciki-ciki a sauya zance. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya koma zaman zaure shi kaɗai. Bayan shekara biyu na saya masa sabon madubi na kawo, ya karɓa ya yi ta sa mini albarka. Kowace safiya yakan fito da shi ya goge, ya daidaita haskensa, ya jira. Matarsa ta ce har kunnen tumakin gidan ya huda ya gaji, duk lafiyarsu lau.

Zuwana na ƙarshe na nuna masa hotuna biyu a waya. A wurin aikinmu muna da hanyar hana ƙwayar cutar ƙera masinjan nan nata, muna kuma rina wasiƙun da wani rini mai haske. A hoton farko hasken ya bazu ko'ina a jikinta. A na biyu, bayan an hana masinja, duk ya taru a ƙurya ya cunkushe, sauran jikin duhu. Na ce masa daga nan ba ta ƙara haihuwa, kwana kaɗan take mutuwa. Na kuma gaya masa gaskiya, cewa wannan a kwalba ne, ba magani ba ne tukuna, tafiyar da sauran nisa.

Na zaci zai buga cinya. Ya riƙe wayar ya daɗe yana kallon hoto na biyu.

"Ashe haka abin yake kashewa," in ji shi. "Magana tana ciki, ba mai fita da ita." Ya miƙo mini wayar. "Madalla, Uwata. Ki ci gaba."

Na karɓi wayar na mayar jaka. Wata biyar bayan nan ya rasu, likita ya ce zuciya ce.

Ranar addu'ar uku da yamma, matar taubashi ta shigo ta zauna kusa da mahaifiyata tana ta kewaye-kewaye. Ashe ɗaya daga shanun huɗarsu biyu ne ya rame, yana hawaye. Maigidan ya yi masa allura har sau uku, kamar ruwa yake zuba masa. Ga damina a bakin ƙofa, kuma sa ɗaya ba ya jan garma. Sun ji an ce ni ma na san aikin marigayi.

Mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Ki duba zumunci."

Na ce zan duba san. A kawo shi ranar bakwai, da sassafe, nan ƙofar gida. Matar ta ce ko a bayan gari, inda ba jama'a? Na ce hasken ƙofar gidan kawu ya fi kyau.

Ranar bakwai, an shafa addu'a ba a kai ga watsewa ba, na sa hijabina na fito da madubin da kawu ya yi shekara biyu yana gogewa, da sabon littafi. Na durƙusa na gaida liman, na nemi izini. Ya ce bismillah. Taubashi yana tsaye riƙe da igiyar sa, yana murmushin da bai kai ido ba.

Na buɗe littafi. "Baba, sunan mai sa?"

"Haba ɗiyata, yau ni ne ba ki sani ba?"

"Kawu ma ya san kowa, amma yana tambaya. Sunan mai sa?"

Ya faɗa. Na ce ban ji ba, ya ƙara da ƙarfi. Na rubuta. Na tambayi gari, ya faɗa. Mutanen da ke kan tabarmi suka juyo.

"Shanu nawa ke gare ka?"

"Biyu."

"Ina suke kwana?"

Ya kalli liman, ya kalli ƙasa. Wani daga samarin nan na sintiri, wanda yanzu ya ajiye gemu, ya tashi sumui-sumui zai tafi, liman ya ce ya zauna.

"Bayan ɗakina," in ji taubashi, "gindin dalbejiya."

Na rubuta a hankali, na ɗaga littafin yadda kowa zai gani. Na ce, "Ga shi na rubuta, a gabanku. Wanda ya san wurin wa zan kai, ya faɗa yanzu, ina tsaye." Ba wanda ya yi ko tari.

Na sa shi ya riƙe kunnen san da hannunsa, na huda, na ɗiga, na daidaita haske. Ƙwayoyin cutar suna nan fal, suna iyo. Na ce ya duƙa ya gani, ya duƙa, ya ɗago da sauri yana salati. Liman ma ya leƙa, ya daɗe, ya ce gani ya kori ji. Mutane suka yi layi. Shekara talatin kawu yana roƙonsu su leƙa, sai yau da ba ya nan. Na auna ƙirjin san da igiya don in san nauyinsa, na rubuta wani maganin daban da cikakken awonsa, na ce idan aka raba shi ko da cokali ne, a haƙa wa san rami. Na kuma ɗebi jini a 'yar kwalba na sa a ƙanƙara.

Ina tattara kaya taubashi ya matso, ya rage murya. "Ɗiyata, abin da ya wuce, wasa ne ya yi tsawo. A yafe mani."

Na ce, "Baba, ni ba ni aka zaunar a rana ba. Wanda zai yafe yana maƙabarta, ka san hanya, da kai aka kai shi."

Liman ya ce mini haƙuri ya fi, kuma na san gaskiya ya faɗa. Amma a wurin ya juya ya gaya wa jama'a cewa an zalunci bawan Allah nan, shi ma yana cikin waɗanda suka yi shiru. Maganar da kawu ya jira shekara huɗu ke nan, ta zo masa da kwana bakwai a makare.

San ya tashi, ya yi huɗar bana. Mahaifiyata har yau tana cewa zuciyata ta yi tauri, irin ta wanta. Ban musa ba. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba, kuma shi da bakinsa ya kira ni uwa.

Jinin nan na kwalba ya isa wurin aikina. Da ƙyar muka samu ƙwayoyin suka rayu, kuma kamar yadda kawu ya faɗa a kara, horarru ne, maganin farko ba ya yi musu komai. A kansu nake aikin ƙofar nan yanzu. A takardun ofis lamba ce da su. Ni kuwa in na shiga da safe na ɗauko kwalbar, da sunan mai san nake kiransu, sannan in zauna in fara.

Allah Ya jiƙan kawu, Ya haskaka masa kabari fiye da yadda ya haskaka wa bayinSa marasa baki. Sauran kuma, Allah Ya ba su tsawon rai da lafiyayyen tunani, su daɗe suna tunawa.